Yadda Muka Kai Man Aduwar Korahane Gaban Injin Kano

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, wato majalisarmu ta shan shayi, sai wani ya jawo kujera kusa da ni, ya ce, "Malam Lawali, wai da gaske ka ga tukunyar da ke dafa kanta?" Ɗalibaina na lise, wato babbar sakandare, su ma sun gano cewa in suka ɗauko zancen, darasin ranar ya tafi ke nan. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, har na ji wani a kasuwar Dakoro yana rantsuwa cewa injin ya gaishe mu da Hausa. To ga shi a rubuce, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Matan Korahane suna da ƙungiya ta masu man aduwa. Wanda bai taɓa ganin yadda ake fitar da man nan ba zai ɗauka wasa ne. A tsinto aduwa a daji, a jiƙa, a wanke, a shanya ƙwallon, sannan a zauna da dutse a yi ta fasawa ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo ga suya da daka da matsa. Mace takan yini tana fasa ba ta cika ɗan kwano ba, ga yatsu duk sun farfashe. Wani mai kamfanin sabulu a Yamai ya ce zai riƙa sayen mansu kowace shekara, amma sai sun kawo masa takardar gwaji mai nuna man yana yin sabulu mai kyau. Ya ce kuma takardar ta iso kafin saukar damina, in ba haka ba yana da wasu matan a hannu. Ɗakin gwajin da ya yarda da shi a Kano yake. Mutanen ɗakin suka ce a kawo man da zai isa gwaji uku, domin in ɗaya ya ɓaci a sake wani. Matan suka haɗa duk abin da suka matse a shekarar, ya cika bido guda, abin da Kanawa ke kira jarka.

Mutum biyu aka ce su raka man, wanda ya san aikin da wanda ya san ilimin haɗa sinadarai da ɗan Ingilishi. Na biyun ni ne, tunda abin da nake koyarwa ke nan. Na farkon kuwa kowa ya san Tasalla ce, shugabar matan. Amma sai Alhaji Illiyasu, perzidan na haɗakar ƙungiyoyinmu, ya ce tafiya ƙetaren iyaka ba wasan yara ba ce, a bar wa manya su wakilci mata. Kada wani ya ɗauka Alhaji mugu ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutum ne mai yawan kyauta, mai tattalin kayan mutane, kuma waɗannan kyawawan halayen ne suka kashe mu.

Ranar tafiya Tasalla ta kawo bidon tasha da kanta a kan amalanke. Ta ɗaure bakinsa da leda da robar taya, ta miƙa mini shi, ba Alhaji ba.

Ta ce, "Malam, ga shi nan hannunka. Ba mu da wani baya nai. Ko na shahwa ma jinjiri ba mu rage ba."

Na ce mata in Allah ya yarda sai dai ta ga takarda. Alhaji yana gidan gaba na motar ya riga ya miƙe ƙafa, yana faɗa wa direba cewa taron ƙasa da ƙasa za mu je.

Daga Dakoro zuwa Maradi ba wani abu sai taya da ta fashe mana gaba da Sabon Maci. Kowa ya sauka, ni ma na sauka rungume da bidona na nemi inuwa. Wata tsohuwa ta ce zuma ce, wani ya ce man fetur nake fasa-ƙwauri da shi. A lokacin ina ganin ɓarayi da hanya ne abin tsoro.

A Maradi muka sauka gidan wani aminin Alhaji, ɗan kasuwa. Aka karɓe mu da fura da gasasshen nama, ba abin da za a ce. Bayan magariba sai na ji Alhaji yana cewa a kawo masa gorar ruwa marar komai. Na ɗauka alwala zai yi, sai na ga ya nufi bidon yana kwance roba.

Na matsa kusa na rage murya, na ce, "Alhaji, gwaji ukku hwa anka ce."

Ya dube ni yadda ake duban wanda bai sami tarbiyya ba. Ya ce, "Malam, mu ci naman mutum, mu kwana ɗaki nai, mu tashi hannu rabbana? Mai ne, ba zinariya ba. Mi gora guda za ta rage?"

Gora guda ta rage gora guda, amma ban iya faɗin haka gaban mai gida ba. Na sake ɗaure robar, na ƙara mata ƙulli biyu.

Washegari muka kama hanyar Ɗan Issa. Duk tsorona a kan iyaka yake, domin na sha jin labari. Sai ga shi jami'in da ya tare mu mutumin kirki ne. Ya duba takardunmu, ya buɗe bidon ya shinshina, ya rufe, har ya ɗaga mana hannu mu wuce. Kuskurensa ɗaya, da ya ce ƙamshin ya tuna masa da mahaifiyarsa, wai da irin man nan take shafa gwiwa in sanyi ya tashi. Alhaji ya tsaya cak. Ya ce, "Mahaifiya? Malam, nemo gora." Bawan Allah nan ya ƙi, ya sake ƙi, Alhaji ya rantse masa da Allah sai ya karɓa. Ban taɓa ganin inda matafiyi ya tilasta wa mai kaki karɓar abu ba sai ranar.

Da muka tsallaka ɗaya ɓangaren, na can ma bai nemi komai ba. Alhaji da kansa ya ce bai dace a ce mun nuna bambanci tsakanin ƙasashe biyu ƴan uwan juna ba. Haka matan Korahane suka gyara zumuncin Nijar da Najeriya ba da saninsu ba. Na ɗaga bidon na ji ya fara yin ƙara in an girgiza shi.

Daga Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano, a ƙananan motoci muka tafi, irin waɗanda ake cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya, a ce kuma akwai sauran wuri. Direban Katsina ya so ya sa man a but kusa da jarkar fetur ɗinsa, na ce sai dai ni ma ya sa ni can. Na ɗora shi a cinya. Murfin da ya sha buɗewa ya fara tsiyaya, kafin mu isa Kano shaddata ta fita kunya ta sami tambari a wurin da ba a nunawa. Wani fasinja ya ji maganarmu ya ce, "Daga Faransa kuke?" Haka wasunsu ke kiran ƙasarmu har yau. Ya yi ta dariyar "munka" da "sunka" ɗinmu, alhali shi kowace magana tasa rabi Hausa ce rabi Ingilishi, sai na riƙa fassara wa Alhaji Hausar Bahaushe.

Kano gari ne da ba ya jiran kowa. Ka yi sallama ka fara tambayar gida da iyali da gajiya, kafin ka kai ga gajiyar mutumin ya yi gaba. Muka sauka wani ɗan masauki mai janareta a bayan tagarmu. Burodinsu laushi ne da shi kamar matashin kai, ga zaƙi, ka danna shi da yatsa ya ƙi dawowa. Shayinsu kuwa a babban kofi ake kawowa da madara, sai ka ce alwala za a yi. Alhaji ya nemi shayin gaske mai kumfa a ɗan ƙaramin kofi, mai shayin ya ɗauka ba shi da halin sayen babba, ya ce ba komai Baba, sha kawai. Abin ya ɓata wa Alhaji rai har dare. Mai masaukin ma ya yi kuskuren yin tari a gabansa, na yi maza na ce masa man aduwa yana ƙara tari. Allah ya gafarta mini, amma gorar nan dai ban bari ta fita ba.

A masaukin nan ne aka fara ɗauke wuta muna zaune. Kafin fanka ta gama juyawa Alhaji ya miƙe ya cire filogin talabijin, ni kuma na cire na fankar da na wayata. Ba wanda ya ce wa wani komai, domin haka kowane ɗan Dakoro yake yi. A wurinmu in kuran ya tafi, wato wutar lantarki, ba a san da wane irin fushi zai dawo ba. Alhaji ya taɓa rasa firiza da talabijin a rana ɗaya, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin firizar nan fiye da sau ɗaya. Yaro ma a gidajenmu kafin ya iya wanke hannu ya iya cire filogi. A wurinmu wannan hankali ne, kuma wanda ya cire wa maƙwabcinsa ya yi masa alheri.

Da safe muka je ɗakin gwajin. Shugaban wurin, wani farfesa mai fara'a, ya karɓe mu a ofishinsa, aka kira mai ɗaukar hoto. Alhaji ya yi jawabi a kan zumunci da ci gaban mata, ni ina tsaye ina rufe tambarin shaddata da jaka. Yana gama jawabin sai ya zaro wata babbar gorar lemo daga aljihun babbar riga, cike taf da mai. Ashe lokacin da na shiga wanka ya yi aikinsa. Ya miƙa wa farfesa da hannu biyu da sunan matan Korahane, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ni ma na tafa, me zan yi?

Daga nan aka miƙa mu ga Dakta Rabi, wadda injin ke hannunta. Matashiya ce, da farar rigar aiki a kan hijabi, magana take yi da sauri kamar mota na jiranta. Ta ɗora bidon a kan ma'auni, ta duba, ta ɗago kai.

Ta ce, "Malam, wannan ai na gwaji ɗaya ne. Ba uku muka ce ba?"

Na dubi Alhaji. Ya ce, "Hanya ta ci nata, ɗiyata."

Ta ce ba komai, injin ba ya kuskure, ɗayan ma ya isa in Allah ya so. Ta shigar da mu.

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya. Tukunyar ba ta fi tukunyar miyar gida mai matsakaicin iyali ba, ta gilashi ce, mai bango biyu, ruwan zafi na zagayawa a tsakaninsu. Daga sama wata muciyar ƙarfe ta sauko cikinta tana juyawa da kanta. Akwai ɗan famfo mai ɗiga ruwan soda kaɗan kaɗan ta siririn tiyo, da wasu sanduna biyu da aka tsoma, ɗaya na jin zafi, ɗaya na jin kaifin sodar. Dukkansu wayoyinsu sun tafi cikin kwamfuta. Dakta ta rubuta mata zafin da ake so, da saurin muciya, da yawan sodar, ita kuma ta riƙa lura tana gyarawa. In zafi ya hau ta rage, in ya sauka ta ƙara, tana kuma ajiye labarin kowane motsi, wanda daga shi ne takardar gwajin za ta fito. Ni da na yi shekara da shekaru ina zana wa yara irin wannan tukunya da alli a kan allo ban taɓa ganinta ba, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ban ji kunya ba, daɗi na ji.

Alhaji kuwa bai gamsu ba. Ya zagaya teburin hannu a baya, ya ce, "Wa ka tsaron ta?"

Dakta ta ce, "Babu kowa, Baba. Kwamfuta ce."

"In ta kama ƙasa hwa?"

"Ba ta kamawa."

Ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa ganin tukunyar da ba ta da uwargida ba. Sai idonsa ya faɗa kan jerin wuraren sa caji a jikin bango. Duk ɗan garinmu da ya ga irin wannan arziki ya san abin da zai yi. Ya nemi izini ya sa wayarsa, ya koma ɗaukar hoton kansa da injin.

Yana cikin hotunan ne Dakta ta nuna mini wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, ta yi mini bayani da Ingilishi. Batir ne, kuma kwamfutar da muciyar da famfon duk a jikinsa suke. In an ɗauke wuta shi ke riƙe su har a tada janareta, yana ɗan kuka ti-ti don a san yana aiki. Na gyaɗa kai irin na masana. Ban fassara wa Alhaji ba, domin ban ga abin da ya haɗa perzidan da akwatin ƙarƙashin tebur ba.

Aka juye man duka, har Dakta ta kifa bidon ta jira ɗigon ƙarshe. Ta danna, muciya ta fara juyawa, soda ta fara ɗiga. Muka tsaya kallo har abin ya fara canza kama. Da aka kira azahar ta ce mu je mu yi salla mu ci abinci, aikin zai ɗauki sa'o'i, kuma kada kowa ya taɓa komai. Ta rufe ƙofa ta ba maigadi makulli.

Bayan salla muka zauna a wurin cin abincin ma'aikata, aka kawo shinkafa da miya mai yajin da ya sa ni tari. Alhaji ya shafa aljihu, ya ce ya manta wayarsa, bari ya ɗauko. Maigadi ya ga babbar riga da furfura da mutumin da aka ɗauki hoto da farfesa, ya buɗe masa ya tsaya a waje. Bai daɗe da tafiya ba fankar da ke kanmu ta tsaya. Na miƙe tsaye. Dakta ko cokali ba ta ajiye ba, ta ce, "Zauna, Malam, akwai batir." Na zauna ina jin kunyar ƙauyancina.

Can sai ga Alhaji ya dawo yana share hannu da hankici, fuskarsa sai annuri. Ya ja kujera ya zauna, ya jawo farantinsa.

Ya ce, "Dakta, ku gode ma Allah da ya sa ni wurin. Kuran ya tahi, akwatin ga naku na ta kuka. Na cire muku komi da komi hal ya yi shiru. Yanzu ko da wane ƙarhi ya dawo, ba abin da za shi ƙonewa."

Dakta ta dube ni, tana jiran in fassara mata, duk da Hausa ya yi. Sannan ta ajiye cokalin. Ban taɓa ganin dakta na gudu ba sai ranar, takalminta ɗaya ma a hanya ta bar shi.

Muka tarar da fuskar kwamfutar baƙi ƙirin, filogai a jere a kan tebur, an shirya su tsaf, har ya naɗe musu wayoyi don kada wani ya taka. Muciya ta tsaya a tsakiyar tukunya, abin ya daskare a jikinta, soda ta taru gefe guda, mai na yawo a sama. Ta mayar da komai, kwamfutar ta farka ba ta tuna komai ba. Muciyar ta yi gurnani ta kasa juyawa, Dakta ta kashe ta kada ta ƙone. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai juya ta ce, "Baba, me ya sa?"

Alhaji ya gyara tsayuwa ya ba ta labarin firizarsa tun daga ranar da ya saye ta. Maigadi yana bakin ƙofa yana gyaɗa kai, da alama shi ma an taɓa ƙona masa wani abu.

Na cire kunya na tambayi Dakta ko za a karɓo gorar farfesa. Ta ce ba za ta isa ba, kuma gorar lemo ce da ba a wanke ba, man da ya shiga cikinta ya tashi daga na gwaji. Ta yini tana kankare tukunyarta. Da la'asar ta naɗe mana dunƙulen a leda mai kauri, ta ce kada kowa ya taɓa da hannu, sodar ba ta gama narkewa ba, tana cin fata. Ta ce in mun kawo wani man za ta sake mana ba tare da an biya komai ba. Na ce mata aduwa ta ƙare a daji, sai baɗi.

A hanyar dawowa Alhaji bai yi magana ba har Katsina, har na fara jin tausayinsa. A Jibiya ya ci tsire ya farfaɗo. A iyaka muka sake haɗuwa da jami'in nan, ya rungume Alhaji, ya ce gwiwar tsohuwa ta yi sauƙi sosai, tana ta sa albarka. Wannan shi ne kaɗai sakamakon gwajin da muka dawo da shi. Kafin Maradi, labarin ya zama Alhaji ne ya ceci injin Kanawa. Kafin Sabon Maci, injin ya zama rago marar ƙwari, wanda ba a yi shi don man ƙasarmu ba.

Ranar da muka je Korahane matan sun share fili, sun shimfiɗa tabarmi, sun dama fura. Maza ma sun zo sun zauna gefe. Aka ajiye wa Alhaji kujera. Ya miƙe ya yi bayanin hanya da karɓar da aka yi mana, ya zagaya da wayarsa kowa ya ga hotonsa da farfesa. Da ya zo kan takarda sai ya ce, "Amma injin bai karɓi man ba. Ƙaddara ce, sai haƙuri."

Sannan na ji ƙus-ƙus ya tashi daga bayan tabarma. Wata ta ce dama ta faɗa suyar ta yi yawa. Wata ta ce ai tun ranar ta ji ƙauri. Duk idanu suka koma kan Inna Habsu, tsohuwar da ke yi musu suya, wadda ta fi kowa daɗewa a aikin. Ta sunkuyar da kai, ta fara naɗe ɗan buzunta za ta tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da ke sa mutum ya manta da wanda ya girme shi.

Na miƙe na ce, "Inna, zauna. Manku ba shi da laihi ko kaɗan. Wuta anka ɗauke, Alhaji ya cire ma injin filogi yana cikin aiki. Kuma da man ya isa Kano yadda kunka ba mu shi, da an sake."

Na ɗauka Alhaji zai musa ko ya ji kunya. Ko kusa. Ya ce, "Ƙwarai ni na cire. Da na bari kuran ya dawo ya ƙone musu injin, wa za a kama? Da yanzu muna can tsare." Mazan da ke gefe suka gyaɗa kai, domin kowannensu da shi ne a wurin abin da zai yi ke nan. Wani ma ya ce in Allah ya sa aka kawo mana irin injin nan Dakoro, Alhaji ya kamata a damƙa wa, tunda duk yankin shi kaɗai ne ya taɓa shi da hannunsa. Ba wanda ya yi dariya.

Inna Habsu ta sake shimfiɗa buzunta ta zauna, tana ta cewa alhamdu lillahi, ashe ba ita ba ce. Tasalla ta tambayi mai kamfanin Yamai. Na ce na kira shi daga Maradi, ya ce ya yi mana jaje, amma hadari ya fara haɗuwa, ba zai iya jira ba. Ta sa aka raba furar, har Alhaji aka ba shi a babban kwano, ya shanye.

Da muka tashi tafiya ta biyo ni har bakin mota, riƙe da dunƙulen nan a cikin ledarsa. Ta tsaya sai da Alhaji ya shiga ya rufe ƙofa.

Ta ce, "Malam, hwaɗa mini gaskiya. Kahin ya cire, ya hwara zama sabulu?"

Na ce ya fara. Na faɗa mata yadda man ya tashi daga ruwan zinariya ya koma kamar kunun gyaɗa mai kauri, yana bin muciya sumul ba gudaji, ƙamshi ya cika ɗakin. Na faɗa mata Dakta ta leƙa ta gilashin ta ce ta daɗe ba ta ga mai mai tsabta irin wannan ba.

Ta ce, "Hwari ne?"

Na ce, "Hwari tas."

Ta ɗan jima tana kallon ledar. Sannan ta ce, "To, bari in je in hwaɗa musu." Ta juya ta koma wurin matan, waɗanda suka riga suka fara naɗe tabarmi.